Daga Riva zuwa Sogut: Hanyar Masu Bin Sawun Ertugrul

Shirin Ertugrul mai dogon zango ya fara fita a tashar TRT 1 ta gwamnatin Turkiyya ranar 10 ga Disamba, 2014, ya ƙare a watan Mayun 2019 bayan zango biyar da kashi 150, kowane kashi yana cin kusan awa biyu ko fiye. Mehmet Bozdag ne ya shirya shi, Engin Altan Duzyatan kuma ya fito a matsayin Ertugrul, mahaifin Usman wanda Daular Usmaniyya ta ɗauki sunansa. Ana kammala shi aka ɗora da labarin ɗan nasa a shirin Kurulus Osman, a ƙarshen 2019. Shirin Ertugrul bai tsaya a Turkiyya ba. A Pakistan gidan talabijin na gwamnati ya fassara shi zuwa Urdu, ya fara nuna shi a azumin 2020, a ƙasar Hausa kuwa ta wayoyin hannu da shagunan masu tura finafinai ya shigo. Wannan farin jini ne ya haifar da wata irin tafiya da ba a saba da ita ba a da: mutane su sayi tikitin jirgi don su ga inda aka ɗauki shirin. Tafiyar tana da rabi biyu. Na farko shi ne dandalin ɗaukar fim da ke Riva, a gefen Istanbul. Na biyu shi ne garuruwan da labarin yake ambata, Bilejik da Sogut da Bursa, inda kaburburan mutanen suke.

Mai tashi daga Najeriya yakan hau jirgin kamfanin Turkish Airlines daga Abuja ko Legas, bayan ya gama da batun biza, wanda ya kamata a fara nema da wuri. Daga Abuja tafiyar awa shida da wani abu ce, ana ratsa Sahara da Bahar Rum. Agogon Turkiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu. Sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka koma gaba ɗaya a 2019, yana can arewa maso yammacin birnin kusa da Bahar Aswad, nesa da tsakiyar gari, kuma girmansa ya kai a ce tafiyar ƙasa daga ƙofar jirgi zuwa wurin ɗaukar kaya ita kanta aiki ce ga tsoho. Akwai bas-bas na Havaist da jirgin ƙarƙashin ƙasa masu shiga gari. Abin da ya fi dacewa baƙo ya fara saya shi ne katin Istanbulkart, don da shi ake hawa bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa duka. Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Sanyin Janairu a can ba sanyin hunturun Kano ba ne da rana ke korarsa da hantsi: yana zuwa da ruwa da iska, a tuddan Sogut kuma har da dusar ƙanƙara.

Yawancin 'yan Afirka a unguwannin Aksaray da Laleli suke sauka, saboda nan ne kasuwar tufafi ta sari da ofisoshin masu aika kaya suke. Bahaushe ba ya rasa wanda zai gaisa da shi a can, don mata da maza 'yan kasuwa masu sarin dogayen riguna da mayafai da takalma sun daɗe da sanin hanyar. Otal a wannan yanki ya fi na Sultanahmet sauƙi, kuma tsakaninsu 'yan tashoshi ne kawai a jirgin da ke bin titi. Kusan kowane otal yana haɗa kuɗin ɗaki da karin kumallo: burodi, cuku, zaitun, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai, zuma da shayi. Wanda ya saba buɗe baki da koko da ƙosai zai ɗan yi turus a ranar farko. Abincin rana ya fi sauƙin sabo, musamman a ƙananan gidajen abinci na 'yan kasuwa inda ake jera tukwane a bayan gilashi mutum ya nuna da yatsa: miyar adas, shinkafa da wake, kaza ko naman rago da kayan lambu. Naman halal ne, wannan damuwa ba ta tasowa. Abin da ke tasowa shi ne rashin yaji, shi ya sa gogaggun matafiya ke sako ɗan kwalbar yajinsu a jaka. Akwai kuma ayran, kindirmo ne da aka dama da ruwa, amma da gishiri ake shansa, ba da sukari ba.

Batun farashi yana da wuyar kamawa, saboda lira ba ta zauna wuri ɗaya ba. Lokacin da shirin ya fara a 2014, dala ɗaya ba ta kai lira uku ba. A 2024 ta haura talatin. A Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 85 cikin ɗari bisa alƙaluman hukuma. Ɗan Najeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan, ya ga irinsa a naira. Sakamakonsa shi ne duk farashin da wani ya faɗa maka daga tafiyarsa ta bara ya riga ya tsufa. Wuraren tarihi da yawa yanzu da yuro suke yanka wa baƙi kuɗin shiga, kuma abin da baƙo ke biya ya ninka na ɗan ƙasa. A Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020, tun farkon 2024 mai zuwa yawon buɗe ido yana biyan yuro 25, mai shiga salla kuwa ba ya biyan komai. Abin da ya rage da araha shi ne sufurin gwamnati, da shayi, da simit, wato zagayayyen burodi mai riɗi da ake sayarwa a kan amalanke a kowace kusurwa. Tasi ne wurin da baƙo ya fi asarar kuɗi, sai ya tabbatar an kunna mita kafin mota ta motsa.

Riva tana ɓangaren Asiya, a gundumar Beykoz, a bakin Bahar Aswad, wajen kilomita arba'in daga tsakiyar birni. Kamfanonin yawon buɗe ido suna kwasar mutane daga ƙofar otal su kai su su dawo da su, kuma mai iyali ko wanda ba ya jin Turanci ko Turkanci gara ya bi wannan. Wanda yake da lokaci kuwa, hanyar da ta fi ita ce ya hau jirgin ruwa daga Eminonu ya tsallaka zuwa Uskudar, sannan ya bi bas ta gaɓar Bosforus zuwa arewa. A hanya zai wuce Anadolu Hisari, ganuwar da Sarki Bayazid na Ɗaya ya gina a ƙarshen ƙarni na 14, sai Kanlija da ta yi suna da kindirmo, sai garin Beykoz. A nan akwai tsohuwar masana'antar takalma da ta koma wurin ɗaukar finafinai, kuma a cikinta aka gina fadar Halab da kurkukunta da aka gani a zangon farko na shirin. Daga Beykoz hanya ta bar ruwa ta shiga daji da tuddai, gidaje suna raguwa, har a fara mantawa cewa cikin birni mai mutum sama da miliyan goma sha biyar ake. Gadar Yavuz Sultan Selim, ta uku a kan Bosforus, wadda aka buɗe a 2016, tana nan kusa. Riva kanta ƙaramin gari ne na bakin teku, kuma kafin fim ya ɗaga sunanta an fi saninta da wurin wanka da sansanin horar da 'yan ƙwallon ƙafa na ƙasa.

Dalilin zaɓen wurin a fili yake: daji, rafi, filin sukuwa, babu dogayen gine-gine da za su faɗo cikin hoto, ga shi kuma 'yan wasa za su iya kwana a gidajensu a Istanbul. Da zangon Kayi, ƙabilar Ertugrul, aka fara, tantuna talatin da 'yan kai kewaye da babban tantin shugaba. Da labarin ya yi ta faɗaɗa, aka yi ta ƙara ganuwa da kasuwa da fada, har wurin ya zama gari guda, daga baya aka buɗe shi ga masu ziyara da sunan dandalin fim na Bozdag. Mai shiga zai ratsa ƙofar ganuwa, ya bi kasuwa mai rumfunan katako, ya leƙa fada, ya ga ganuwar Inegol da ake ta gwabzawa a kanta a shirin Usman, sannan ya fito zangon Kayi, inda tutoci masu alamar ƙabilar ke kaɗawa.

A cikin babban tantin ne aka fi cunkoso. An shimfiɗa darduma da fatu, kujerar shugaba tana can ƙurya, wuraren zaman dattawa a hagu da dama. Mutane suna bin layi su zauna a kujerar, su ɗora hannu a ƙirji kamar yadda jaruman shirin ke yi, a ɗauke su hoto. Ana ba da hayar tufafi: hular fata mai gashi, rigar yaƙi, takobi da garkuwa ga maza, doguwar riga da adon goshi ga mata. Za ka ga dattijo mai furfura daga Lahore ko Kuala Lumpur ya sha ɗamara yana gyara tsayuwa, jikokinsa suna dariya. Abu biyu ne ke ba mai ziyara mamaki. Na farko, komai ya fi ƙanƙanta a ido fiye da yadda yake a allo. Filin da ake ganin kamar runduna za ta ɓace a cikinsa, cikin 'yan mintoci ake zaga shi. Na biyu, ba duk abin da ido ya ɗauka tsohon dutse ne dutse ba. Wani bangon idan aka ƙwanƙwasa shi sai ya amsa da ƙarar katako, tsufan da ke jikinsa kuwa aikin mai fenti ne. Wannan ba aibi ba ne, sana'ar ke nan, kuma ganin yadda aka yi dabarar yana ƙara wa mutum girmama masu aikin. Wanda ya zo da fatan haɗuwa da 'yan wasan ne yakan koma da ɗan takaici, domin tikitin shiga bai ƙunshi wannan ba.

Wasan dawaki shi ne abin da ya fi cancantar kuɗin da aka biya. Mahaya suna sukuwa suna harba kibiya, suna rataya a gefen doki, suna faɗowa da gangan su mirgine su tashi. Tun farkon shirin an ɗauko ƙwararru daga Kazakistan suka horar da 'yan wasa hawa da faɗa, kuma wannan salon na makiyayan tsakiyar Asiya ne. Wanda ya taso yana kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau zai lura da bambancin nan take. A hawan Daushe ado ne a gaba: lifidi, jalala, alkyabba, rawani, sannan jafi a gaban sarki. A Riva dokin kusan tsirara yake, gudu da juyi ake nunawa. Akwai gidan abinci a cikin dandalin mai kawo nama da shinkafa da sharbat a kwanukan da suka dace da zamanin labarin, farashinsa na wurin yawon buɗe ido ne, ba na cikin gari ba.

Mai bin harkar Kannywood ba zai rasa yin wani lissafi a nan ba. Shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina sun tara masu kallo masu ɗimbin yawa, amma a gidajen haya da unguwannin da mutane ke zaune ake ɗaukar yawancin finafinan Hausa, ana gamawa kowa ya kama gabansa, ba abin da ya rage da za a nuna wa baƙo. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi shelar gina ƙauyen finafinai a Kofa ta jihar Kano, aka janye bayan suka daga malamai da wasu jama'a. Abin da Riva ke nunawa shi ne ginin da aka yi don kyamara yana iya ci gaba da kawo kuɗi shekaru bayan an kashe ta, ya ciyar da mai doki da mai ɗinki da mai dafa abinci da direba.

Masu ziyara da yawa daga Riva suke juyawa, su ƙarasa kwanakinsu a kasuwa. Sun ga rabi ne kawai, kuma ba rabin da ya fi nauyi ba. Sogut ɗin da ke cikin shirin a Riva aka gina ta. Ta gaskiyar tana lardin Bilejik, kudu maso gabas da Istanbul. Jirgin ƙasa mai gudu da ke zuwa Ankara, wanda ya fara aiki a wannan layi a 2014, yana tashi daga ɓangaren Asiya ya bi gaɓar tekun Izmit, ya shiga kwarin kogin Sakarya ta ramukan da aka fasa cikin duwatsu, ya sauke mutum a Bilejik cikin awa biyu da wani abu. Ana sayen tikiti tun da kwanaki, don kujeru suna ƙarewa.

A gangaren tsohon garin Bilejik ne hubbaren Shehu Edebali yake, a kan wani dutse da ke kallon kwari, kusa da masallacin Orhan ɗan Usman. Shi ne malamin da Usman ya auri 'yarsa. Marubutan tarihin daular sun ce a gidansa Usman ya yi mafarkin wata ya fito daga ƙirjin malamin ya shiga nasa, sai bishiya ta tsiro daga jikinsa inuwarta ta rufe duniya. Ashikpashazade ne ya rubuta wannan a ƙarshen ƙarni na 15, wato bayan daular ta riga ta ci Kustantiniyya. Ƙasa da hubbaren ana hango hasumiyoyin masallatai tsaye su kaɗai ba gini a jikinsu, ragowar tsohon garin da ya ƙone a yaƙin Turkawa da Girkawa na farkon shekarun 1920.

Daga nan ƙananan bas suna kai mutum Sogut, tafiyar kamar kilomita talatin cikin tuddai da gonaki da wuraren haƙar marmara. Gari ne ƙarami, mai masana'antun tayil a gefensa. Hubbaren Ertugrul yana bakin gari, cikin wani lambu mai dogayen itatuwa. Ginin ɗan ƙarami ne mai ƙubba ɗaya, an sha gyara shi, gyaran da ya fi shahara shi ne na zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu a ƙarshen ƙarni na 19. A ciki kabarin yana tsakiya an lulluɓe shi da kyalle mai rubutu, an kewaye shi da tutoci da ƙananan akwatuna masu ɗauke da ƙasa da aka ɗebo daga yankunan da daular ta taɓa mulka da sauran ƙasashen Turkawa. Abin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne murafen tagogi na ƙarfe. Akwai hudojin harsashi a jikinsu, wasu yatsa zai shige, tun lokacin da sojojin Girka suka mamaye garin a 1921, kuma da gangan aka bar su ba a toshe ba. A cikin lambun akwai kabarin da ake danganta wa matarsa Halima, da na wasu 'ya'yansa da ɗan'uwansa, da alamar wurin da aka fara binne Usman kafin a mayar da shi Bursa. Wasu duwatsun masu sunayen jarumai irin su Turgut alamun tunawa ne kawai.

Tun 2017 jami'an jandarma sanye da kayan mayaƙan wancan zamani suke tsaron ban-girma a ƙofar hubbaren, suna canjin aiki a gaban jama'a. Duk wanda ya kalli shirin zai gane hular da rigar. A nan ne ake ganin yadda abin ya juya: fim ya ari sunan kabarin, yanzu kabarin yana sanye da kayan fim. Yanayin ziyarar dai ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato. A cire takalmi, a yi sallama, a karanta Fatiha, a yi addu'a, a ba na baya wuri. A cikin gari akwai ƙaramin masallaci mai rijiya da ake danganta wa Ertugrul, da masallacin Hamidiyya, da ɗan gidan tarihi mai kayan makiyaya.

Ya kamata mai ziyara ya san iyakar abin da tarihi ya tabbatar. Ertugrul mutum ne na gaske: an samu tsabar kuɗi ta zamanin Usman da ke ambaton sunan mahaifinsa, kuma ana sanya rasuwarsa wajen 1280. Bayan wannan, kusan duk abin da ake faɗa a kansa ya fito ne daga littattafan da aka rubuta fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa. Ko sunan mahaifinsa an yi saɓani: shirin ya bi riwayar Sulaiman Shah, masana da dama kuwa sun fi karkata ga Gunduz Alp. Wasu mutanen shirin sanannu ne a tarihi, kamar Sarkin Saljuƙawa Ala'uddin Kaikubad da ya yi mulki daga 1220 zuwa 1237, da babban bafaden nan Sa'aduddin Kopek, da Ibn Arabi da ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma zaman da ake nuna suna yi da Ertugrul aikin marubucin fim ne. Masu shirin sun tarar da fili kusan babu komai a cikinsa, suka cika shi da awa ɗari uku na labari.

Karamcin mutanen Sogut ya bambanta da na Istanbul, inda gaisuwa takan ƙare da tayin kaya. A nan baƙar fata ba ta cika yawa ba, don haka kallo yana da yawa, amma kallon son sani ne. Mai shago zai tambayi ƙasar da ka fito, idan ya ji sallama a bakinka sai ya jawo kujera. Kafin shayi ya iso yakan tsiyaya maka turaren lemo a tafin hannu, al'adar tarbar baƙo ce. Shayin yana zuwa a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, ja wur, ba madara, da ƙwayar sukari biyu a gefen faranti. Ana kama shi ta baki saboda zafi. Da ka shanye za a sake cikawa, sai ka kwantar da cokali a kan bakin kofin, alamar ka ƙoshi. Ƙoƙarin biyan kuɗin irin wannan shayi yana iya zama rashin ladabi. A masallaci kuma akwai 'yan bambance-bambance da ɗan Malikiyya zai lura da su, don Turkawa Hanafawa ne: ana jinkirta jam'in Asuba har gari ya fara haske, ana yin nafila kafin farilla kusan kowa da kowa, bayan sallama kuma ladan ne ke jan tasbihi da murya. Wanda ya zo a mako na biyu na Satumba zai tarar da bikin tunawa da Ertugrul, inda ƙabilun Yoruk makiyaya ke taruwa da kayan gargajiya, a dafa ɓarzajjiyar alkama da nama a manyan tukwane a raba wa kowa kyauta. Masauki a garin kaɗan ne, a lokacin bikin ba a samu sai an kama tun da wuri. Da yawa a Bilejik ko Eskishehir suke kwana.

Riwaya ta ce a Sogut ƙabilar Kayi ke zama lokacin sanyi, idan zafi ya shigo su kora dabbobinsu zuwa tuddan Domanic. Tsarin da Fulani makiyaya suka sani ne, sai dai su ruwa da ciyawar damina da rani suke bi, waɗannan kuwa sanyi da zafi. A wani ƙauye na Domanic akwai hubbaren Hayme Ana, wadda ake cewa ita ce mahaifiyar Ertugrul, shi ma Abdulhamid ne ya sa aka gina shi. Hanyar tana da kwana-kwana kuma motar haya ba ta da yawa, sai wanda ya ɗauki shatar mota. Sauran sukan wuce kai tsaye ta Bozuyuk zuwa Inegol. Masu kallo sun san Inegol a matsayin ganuwar abokan gaba. Ta yau garin masana'antun kujeru da gadaje ne, da gasasshen niƙaƙƙen nama da ake kira da sunanta, wanda ya isa dalilin tsayawa cin abincin rana.

Bursa tana gindin dutsen Uludag, kilomita arba'in da 'yan kai daga Inegol. Orhan ɗan Usman ne ya ci ta a 1326, ta zama babban birnin daular na farko mai cikakken suna. Kaburburan uban da ɗan suna unguwar Tophane a kan tudu, ana hango birnin gaba ɗaya daga wurin. Gine-ginen da ke kansu yanzu na 1863 ne, domin girgizar ƙasa ta 1855 ta rushe na da. Ibn Battuta ya zo garin a zamanin Orhan ya yaba kasuwanninsa, shi ɗin da daga baya ya ratsa Sahara ya je Mali. Alaƙar daular da ƙasashenmu ta zo bayan haka: a shekarun 1570 Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu zuwa ga Sarki Murad na Uku a Istanbul. A ƙasan tudun akwai Babban Masallaci na Bayazid na Ɗaya, mai ƙubba ashirin da wurin alwala a tsakiyarsa da manyan rubuce-rubucen larabci a bango, an gama shi wajen 1399. Kusa da shi Koza Han ne, masaukin fataken alharini tun ƙarshen ƙarni na 15, har yau mayafan siliki ake sayarwa a benensa, ana shan shayi a tsakar gidansa. Abincin garin shi ne kebab na Iskender: yankakken nama a kan burodi, da miyar tumatir da kindirmo, a kwararo narkakken man shanu a kai a gabanka. Ya fi sauran abinci tsada, kuma faranti ɗaya yana riƙe mutum har dare.

Wanda bai gaji ba yana iya leƙa Jumalikizik a gefen birnin, ƙauye mai gidajen dutse da katako da 'yan siraran lunguna, wanda ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO tare da Bursa a 2014. Shi ma wani shirin talabijin na Turkiyya da aka ɗauka a cikinsa a farkon shekarun 2000 ne ya fara jawo masa baƙi, yanzu kusan kowane gida yana sayar da karin kumallo ko kayan tsaraba.

Komawa Istanbul hanya biyu ce. Ko dai bas ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016, ko a gangara Mudanya a hau jirgin ruwa ya ratsa tekun Marmara cikin kamar awa biyu, sai dai idan iska ta yi ƙarfi akan soke tashinsa. Duka zagayen, daga Riva zuwa Bursa da dawowa, yana shiga cikin kwana biyar zuwa shida ba tare da gaggawa ba. Tsarabar da aka fi saya ita ce hular fata, da zobe mai alamar Kayi, da tuta, kuma sun fi araha a Sogut da kasuwannin Istanbul fiye da cikin dandalin fim. Takobi da wuƙa na ado ba sa shiga jakar hannu a jirgi, sai cikin babban akwati, kuma yana da kyau a tambayi kamfanin jirgin da dokar kwastan ta gida kafin a biya kuɗinsu.